Aljanin da ya yi sallama da attajirin da ya yi mari

Maman Ilham, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan. Kun san ina gida wankan jego. Goggo ta kasa ta tsare, daga ruwan zafi da ganyen darbejiya sai kunun kanwa, ko ƙofar zaure ban isa in leƙa ba. Yarinyar kuma ba ta barci sai wajen ukun dare. A wannan zaman na karanta littattafan soyayya tara a waya, hannu ɗaya na tallafe da ita tana shan nono, ɗayan yana jan shafi. Biyar na rayuwar zamani, uku na aljanu, ɗaya na wata masarauta da marubuciyar ta ƙirƙiro.

Ba zan ambaci sunan littafi ko marubuciya ba, ba cin fuska na zo yi ba. Amma a cikin biyar ɗin nan na zamani, huɗu mijin mutum ɗaya ne aka sauya masa suna. Ɗan mai kuɗi, ya yi karatu a Ingila, miskili, ba ya amsa gaisuwa. An aura masa 'yar ƙanin babansa daga ƙauye. Ya mare ta, ya kulle ta a ɗaki, a ɗaya ma daren farko sai da aka kwantar da ita a asibiti. Can wajen ƙarshe ya saya mata mota, ya ce mata "ki yafe mini" sau ɗaya, shi ke nan, sai ga 'yan biyu.

Na aljanun kuwa, akwai wanda aljanin ke zaune a wata tsohuwar tsamiya bayan gidansu yarinyar. Shekara bakwai yana sonta, bai taɓa shiga ɗakinta ba sai ya yi sallama daga bakin taga ta amsa. Da ya gane aure ba zai yiwu ba, ya bar garin, ta auri wani tela. Wallahi da na kai wurin sai da hawayena ya ɗiga a goshin jaririya. Abin da ya dame ni shi ne, ya aka yi aljani ya fi ɗan Adam sanin darajar mace a rubutunmu?

Ummi, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki Maman Ilham, Allah ya raya. Ni dai zan faɗi gaskiyata, ina son miskilin namiji a littafi. Marin ba ya burge ni, ranar da girman kan zai karye nake jira. Ki ga mutumin da ko kallonta ba ya yi ya dawo yana zarya a ƙofar gidansu, babanta ya ce ba za ta koma ba, shi kuma ya rame ya fita hayyacinsa. Don wannan babin nake haƙuri da babi hamsin. A zahiri sau nawa muke ganin namiji ya durƙusa ya ba da haƙuri?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Amin Ummi, na gode. Na gane daɗin da kike nufi, ni ma na sha jin sa. Amma ki duba lissafin. Wahalarta babi hamsin, tasa babi uku. Kuma ita jikinta ne ya sha, shi zuciyarsa ce kawai ta yi ɗan zafi.

Hajiya Binta, Gyallesu:
'Ya'yana, ku bari tsohuwa ta sa baki. Mu da muka yi makarantar kwana muka fito a farkon shekarun 1990 mun ga tasowar abin nan. Akwai mai teburin littattafai a kasuwar Sabon Gari da muke karɓar haya wurinsa, ka ajiye 'yan sulalla ka kawo bayan kwana biyu. Littafi ɗaya sai ya zagaye ɗakin kwana gaba ɗaya, bangonsa ya cire, a ɗinke da zare da allura. Muna ɓoyewa cikin rigar matashin kai, mu karanta da tocila cikin bargo. Ga na Hausa da ke zuwa daga Kano kashi-kashi, na ɗaya yau, na biyu sai bayan wata uku, ga na Turanci na kamfanin Mills & Boon da yayyenmu na jami'a ke kawowa.

Abin da nake so ku sani, na Hausan wancan lokacin yawanci faɗan da ake yi da auren dole ake yi. Yarinya na son saurayinta ɗan makaranta, uba ya ce sai Alhaji. Marubuciyar tana bayan yarinyar, mu ma muna bayanta. Yanzu jikata ta ba ni wayarta na karanta wani, sai na ga an juya abin. Auren dolen ne ya zama hanyar dacewa, wanda aka tilasta mata shi ne gwarzon. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi wannan attajiri mai ɗaure fuska na san shi, a littattafan Turancin nan muka fara haɗuwa da shi, sai dai can ban tuna ana kai amarya asibiti ba.

Malam Sani, Samaru:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ina neman izinin shiga zancen mata, don abin ya taɓo fannin da nake koyarwa. Masu cewa soyayya da sihiri baƙin abu ne a rubutun Hausa su tuna a garin nan namu na Zariya aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. Gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya ita ta fitar da littattafai biyar ɗin farko. Ɗaya daga cikinsu, Jiki Magayi, wanda John Tafida mutumin Wusasa ya rubuta tare da East, labarin soyayya ne tsantsa: Abubakar na son Zainabu, mai kuɗi Malam Shaihu ya aure ta, shi kuma ya shiga duniya neman asirin da zai rama. Asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa. Ga so, ga kuɗi, ga sihiri, a littafi ɗaya, shekara casa'in da suka wuce. Ganɗoki ma, wani daga cikin biyar ɗin, cike yake da aljanu.

Kuma littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, na nan Zariya ne ya buga shi a 1980. Duk wanda ya bi ta Tukur-Tukur ya ga ginin maɗaba'ar Gaskiya, ya san daga inda abin ya taso.

Abin lura a Jiki Magayi shi ne mai kuɗin da ya raba masoya bai ci bulus ba. Alhaki ya bi kowa har gida. Wannan ne na ga ya ɓace a yawancin na yanzu.

Malama Zainab, Limancin Kona:
Maman Ilham, Allah ya raya mana Ilham bisa sunna. Na yarda da ke ɗari bisa ɗari kan masu mari. Amma don Allah kada mu wanke aljanin nan tas. Zan faɗi abin da ban cika faɗa ba.

Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta yi shekara huɗu cikin lalura. Duk saurayin da ya fito sai ta tsane shi ana saura kwanaki a sa rana. Takan farka da asuba tana kuka, ta ce wani ya zo mata a mafarki ya ce ita matarsa ce. An ce namijin dare ne. Mun yi rukiyya, mun sha rubutu, mun yi hayaƙin habbatus sauda, mahaifiyarmu ta sayar da awarwaronta biyu a kan maganin nan. Na kwana da ita a tabarma ɗaya ina riƙe da hannunta ina karanta Ayatul Kursiyyu har muryata ta dushe. Wanda ya ga wannan ba zai iya karanta aljani kyakkyawa mai ƙamshin turare yana yi wa budurwa kalamai ya ji daɗi ba. Ina koyar da 'yan mata a Islamiyya, na taɓa jin wata 'yar shekara sha huɗu tana gaya wa ƙawarta ita da za ta samu aljani irin na littafi da ta huta da samarin unguwa. Jikina ya yi sanyi.

Allah ya ce a Suratur Rum, aya ta 21, ya halitta mana abokan zama daga jinsinmu domin mu samu natsuwa. Daga jinsinmu aka ce.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Subhanallah. Malama, ki yi haƙuri in na fama miki ciwo, ban sani ba. Yaya jikin nata yanzu?

Malama Zainab, Limancin Kona:
Babu komai ƙanwata. Alhamdulillah ta samu sauƙi, tana Funtuwa da 'ya'yanta biyu.

Anti Larai, Wusasa:
Allah ya ƙara mata lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina roƙon duk mai irin wannan a gida ya haɗa biyu, a yi addu'a kuma a je asibiti. Farfaɗiya da ciwon damuwa da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa sukan zo da faɗuwa da gane-gane da jin muryoyi, kuma suna da magani. Ga asibitin koyarwa na Shika nan kusa da mu. Abin da nake ƙi a littattafan aljanun shi ne yarinya za ta faɗi tana kumfa, babu wanda zai ce a kai ta ga likita, sai a ce masoyinta ne ya zo. Mai karatu tana ɗauka.

Ummi, Ƙofar Doka:
To ai kun ga ke nan. Nawa miskilin aƙalla mutum ne, ana iya kai ƙararsa wurin iyayensa.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Ummi, a cikin huɗun da na karanta an kai ƙarar a uku. Kin san abin da iyayen suka ce? "Ki yi haƙuri, haka aure yake." A nan nake ganin bambancin. Yarinyar da ta karanta na aljani, in Allah ya tsare, har ta mutu ba za ta ga aljani ba. Wadda ta karanta na miskili kuwa za ta iya haɗuwa da shi bana, a falon babanta, da goro da sadaki. Ranar da ya fara ɗaga mata hannu za ta tuna littafi ya ce nan gaba zai so ta. Ina da 'yar ajinmu da ta zauna shekara shida tana jiran wannan babin. Da kunne ɗaya ta dawo gida, ɗayan ba ya ji.

Ban ce maganar Malama ba gaskiya ba ce. Ta sa na sake tunani a kan abin da zan bari Ilham ta karanta in ta girma. Amma har yanzu ina ganin na zamanin ya fi kusa da wuyanmu.

Fati, Kongo:
Yayyena, ni ɗaliba ce, kuma na fi karanta na Turanci, kada ku kore ni. Su ma Turawan suna da nasu aljanun soyayya: saurayi mai shan jinin mutane wanda ba ya tsufa, ko mai rikiɗa ya zama kyarkeci in wata ya cika. Da na fara karantawa na ce ashe maye ne da mai rikiɗa kura, irin na tatsuniyar kakata, aka sa wa riga mai kyau. Kuma abin da Yaya Maman Ilham ta gani a aljanin tsamiya shi ne sirrinsu duka. Halitta ce mai ƙarfin da za ta iya hallaka yarinyar cikin ƙiftawar ido, amma take danne kanta saboda ita. Ƙarfin da aka riƙe shi ne abin da ke jan mai karatu. Miskilin namu kuwa ƙarfinsa kaɗan ne a kan na aljani, kuma duk ya sauke shi a kanta.

Amma ni kukana a kan kashi na uku ne, na masarautu, wanda ba wanda ya taɓa. Me ya sa in marubutanmu za su ƙirƙiro masarauta sai su ba ta sunan da ya yi kama da na Larabawa ko Indiyawa, da dusar ƙanƙara da yarima mai koren ido? Ranar Asabar muka hau dutsen Kufena da 'yan ajinmu, na tsaya a sama ina kallon gari, rimaye tsaye jefi-jefi, ga ragowar ganuwa. Na ce a raina ga masarautar nan a ƙarƙashin ƙafarmu. Ga Turunku, ga labarin Sarauniya Amina 'yar Bakwa da yaƙe-yaƙenta. Ko labarin Bayajidda ai soyayya ce da abin al'ajabi: baƙo ya iso Daura da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya. Ina so in karanta budurwar da ke zaune a Ƙofar Gayan shekara ɗari huɗu da suka wuce, saurayinta maƙeri ne ko marini, ana rufe ƙofar gari da magariba yana waje.

Malam Sani, Samaru:
Fati, wannan magana taki ta yi mini daɗi. Kayan aikin suna nan jibge. Ko a bori akwai birni guda na iskoki, Jangare, da sarki da fadawa da gidaje, kowane da halinsa da tufafinsa da kiɗansa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne kyakkyawa, mai ado da kyauta da caca. Ba ina cewa a koma bori ba, Allah ya kiyaye imaninmu. Ina nuna cewa kakanninmu sun iya gina duniya sukutum da tsarinta, ba su ara daga kowa ba. Matsalar ita ce rubuta irin wanda kike so sai an yi bincike, a zauna da tsofaffi, a san sunan kowane sashe na kayan doki. Ƙirƙiro ƙasar da babu ita ya fi sauƙi, ba mai kama ka da kuskure.

Malama Zainab, Limancin Kona:
Malam, na masarauta ba ni da ja a kansa, in dai ba za a sa boka ya zama mai ceto ba. Wanda Fati ta kwatanta ni ma zan karanta.

Asma'u, Hanwa:
Na daɗe ina karanta ku ina shiru, don ni ce wadda ake magana a kanta. Ina rubutu, littafina shida, kuma uku daga ciki akwai miskilin nan. Ku saurari ɓangarenmu.

Yanzu ba a kai rubutu maɗaba'a. A WhatsApp nake sakin shafukan farko kyauta, wadda ta ji tana so ta turo kuɗi in sa ta a zauren masu biya. Kullum sai na saki babi, da babban yatsa nake bugawa bayan na kwantar da yara, wani lokaci caji ya ƙare babu wuta in tura yaro shagon mai caji. Da wannan kuɗin nake biyan kuɗin makarantar 'ya'yana biyu tun rasuwar babansu. Kafin in kai rabi wata ta kwashe ta watsa a wasu zaurukan kyauta, har da cire sunana.

Shekara biyu da suka wuce na rubuta labarin wani malamin firamare mai sanyin hali da matarsa mai sayar da awara. Yana taya ta tace waken suya da asuba kafin ya tafi makaranta. Matsalarsu haihuwa ce da ta yi jinkiri da surutun dangi. Na zuba duk abin da na iya a littafin nan, don halin marigayi na ɗauka na ba malamin. Mutum goma sha ɗaya suka biya. Wata ta rubuto mini ta ce, "Anti, labarin ba zafi, yaushe zai yi mata kishiya?" Na gaba da na saki, soja ne mai taurin kai da ya tsani matarsa, kwana uku zauren ya cika har na buɗe na biyu. Ku gaya mini, in ku ne ni, wanne za ku sake rubutawa?

Hajiya Binta, Gyallesu:
Allah ya jiƙan maigidanki 'yata, ya yi wa marayu albarka. Ban san haka abin yake ba. Mu a da in ka sayi littafi ka san kuɗinka ya tafi wani wuri.

Ummi, Ƙofar Doka:
Anti Asma'u, kin sa na ji kunya, don ni ma ina cikin masu cewa labari ba zafi. Kuma na sha karanta wanda aka turo mini kyauta ban tambayi daga ina ya fito ba.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Anti Asma'u, Allah ya gafarta masa. Ba zan ce ki bar abin da ke ciyar da yaranki ba, ba ni da bakin faɗin haka. Abu ɗaya nake roƙo. In kin rubuta sojan, ki bar marin ya zama mari. Kada ki sa ta ji wani daɗi a ranta lokacin da ya finciko ta. A samu mutum ɗaya a cikin labarin, ko kakarta ce ko limamin unguwa, da zai ce wannan zalunci ne, kuma labarin ya tsaya a bayansa. In za ta koma gidan, ya biya farashin da ya kai abin da ya yi. Zafin da masu karatu ke nema ai zai ƙaru ne ma.

Asma'u, Hanwa:
Wanda nake kai yanzu na kai babi na talatin da biyu, jiya ya watsa mata kayanta waje cikin ruwan sama. Da niyyata gobe ta tsince su ta koma ciki tana kuka. Na zauna da wayar tun ɗazu ina tunanin in sa ta tari ɗan sahu ta tafi gidan yayanta. Ban san yadda 'yan zauren za su ɗauka ba, wataƙila su yi mini ca. Zan gwada a wannan babin in gani.

Fati, Kongo:
Anti, na malamin firamaren yana nan? Ina so in saya. Kuma in kin taɓa sha'awar na Zazzau ta dā, kakata tana Ƙaura, ta haura tamanin, ta san waƙoƙin niƙa da na daɓe da sunayen tsofaffin unguwanni. Zan raka ki.

Malama Zainab, Limancin Kona:
Ni ma a sa ni a na malamin. In na karanta na ga ya dace, zan ba manyan ɗalibaina masu shirin aure.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Mun zama uku ke nan, ki turo mana lambar asusun ta akwatin sirri. Saura kwana tara in yi arba'in, ina so in gama shi kafin Goggo ta koma Giwa, don ita ma na fara karanta mata da rana in tana yi wa yarinyar gashi. Na tsamiyar nan da na karanta mata cewa ta yi a yanke bishiyar kawai kowa ya huta, amma telan ya kwanta mata, har tana tambaya ko ɗinkin hannu yake yi ko na keke.

Asma'u, Hanwa:
Yana nan, babi arba'in da ɗaya ne, zan turo muku da daddare in an kawo wuta. Fati, ki tambayi Kaka ko Lahadi bayan la'asar ta yi mata.